Ba filta ba ce yaro

Ka turo min tsohon hoton nan na jiragen ruwa masu tafiya da iska da anka ɗaure bakin gaɓa, wai wace filta za ka sa naka ya fito haka. Na yi dariya wallahi. Babu filta a wanga hoto, mai shi dai ya san lokacin fita.

Duba inuwar dogayen sandunan jiragen, ka ga yadda ta miƙe bisa ruwa? Rana ƙasa take ke nan, ko dai da sassafe ko gab da magariba, kuma daga gefe hasken ya shigo shi ya sa kake iya ganin kowace igiya da tsagar katako. Ka ɗauke shi ƙarfe 12 na rana ka ga abin da zai ba ka, fari fat kamar an zuba gari.

Sararin sama da ka ce ya yi fari kamar hayaƙi kuwa, gilashi da fim da ake ɗaukar hoto bisansu da can shuɗi sunka fi gani, shi ya sa sama ke fitowa fari, ja kuma baƙi yake fitowa, sai wajen 1906 anka fara sayar da mai ganin duk launuka. Kuma kyamara bisa ƙafa uku take, in haske ya yi ƙaranci a bar ta buɗe na ɗan lokaci, to jirgi a ɗaure yake bai gusawa sosai amma ruwa na motsi, sai ruwan ya fito sumul kamar madubi. Launin ƙasa-ƙasan nan ma aiki ne, takardar hoton mai azurfa ake tsomawa a maganin da ke da farar wuta, ya canza launi kuma ya fi daɗewa.

Mu nan ba mu da irin jiragen, amma ai akwai kwale-kwale. In hunturu ya kama, Disamba zuwa Janairu, ka kwana Yauri, kana sallame asuba ka gangara bakin kogin Kwara tun masunta ba su kwance ba. Hazo zai haɗiye maka wancan ƙetare, na kusa su fito baƙi, na nesa su dusashe. Kashe filashi, rage hasken hoton kaɗan a kyamarar wayar, ka durƙusa ka ɗauka daga ƙasa. In kuma kyamarata ka ɗauka, ka rufe ta da ƙyalle don Allah, ƙurar hazo ta taɓa ɓata min gilashin kyamara guda, har yau ina jin zafin kuɗin.