Haƙoran roba a kan dashe: za su ɗauki kilishi da goro?

Tambaya: Assalamu alaikum. Turamena na ƙasa sun fita hagu da dama, an yi mini haƙoran roba na cirewa da sakawa, amma suna rawa in ina tauna. Likita ya ce a dasa mini ƙarfe biyu a muƙamuƙi don su riƙe su. In an yi haka zan iya komawa ga kilishi da goro? Daga wani mai karatu a unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Shawarar likitanka tana kan hanya, sai dai ka san yadda nauyin tauna ke rabuwa kafin ka yarda.

Haƙoran da kake sawa yanzu sun maƙale da haƙoranka na gaba, bayansu kuwa kwance yake a kan dasashi kawai. In ka ciza, bayan ya nutse, gaban ya ɗaga, kamar benci da aka zauna a ƙarshensa. Wannan rawar ce ke girgiza haƙoran da aka maƙala, ta kuma riƙa cinye ƙashin da ke ƙarƙashin dasashi. Ƙarfen titaniyom ɗaya a kowane gefe, can wajen gurbin turmi, yana tokare bayan, rawar ta ragu sosai.

Ga inda matsalar take. Abubuwa uku ne za su ɗauki nauyin, kuma ba daidai suke lotsawa ba. Haƙorin asali yana da siririn nama tsakaninsa da ƙashi, yana motsi ƙasa da kashi 1 cikin 10 na milimita. Dasashi yakan lotsa rabin milimita ko fiye. Dashe kuwa, wato ƙarfen da aka dasa, ya manne da ƙashi, kusan ba ya motsi. Saboda haka in haƙoran ba su zauna daidai ba, nauyin kusan duka kan dashen yake sauka. Kuma ba ya jin nauyi kamar haƙorin asali, mutum na iya ciza da ƙarfi bai sani ba.

Nauyin da ya sauko tsaye ba shi ne abin tsoro ba. Na gefe shi ne mugu: fizgar busasshen kilishi, fasa goro da gefe ɗaya, cizon haƙora cikin barci. Su ne ke kwance notin da ke kan dashen, su tsaga robar haƙoran daidai wurin maɓallin da ke maƙala su da dashen, ƙashin wuyan dashen ma ya iya ja da baya, musamman in da datti da kumburi.

Kada a ɗora wa dashen nauyi sai ya kama, galibi wata 3 zuwa 6. Bayan nan kilishi a yayyanka shi ƙanana, goro a yanka da wuƙa ko a goge shi, a tauna da gefe biyu. Ƙashi da rake dai a haƙura.

Cire haƙoran da dare, ka wanke su, ka goge kewayen dashen da buroshi mai laushi. Koma wa likita duk wata 6: ya duba 'yar robar cikin maɓallin, wadda ke sassautawa a canza ta, ya kuma cike ƙasan haƙoran in dasashi ya janye. Wannan cikon muke roƙon kada ka yi wasa da shi, don in an bar giɓi dashen ne zai ɗauki kayan shi kaɗai. In kana da ciwon suga ko kana shan taba, faɗa masa tun kafin a ɗauki hoton muƙamuƙin.