Amsa kan fassarar kalmar success

Malam, ka tambaya ko nasara kaɗai ta isa a fassara success, gaskiya a'a. Nasara daga Larabci muka aro ta, kuma ta fi zama daidai inda akwai karawa, kamar zaɓe ko yaƙi ko ƙwallo. Ɗalibi kuwa cewa muke ya ci jarrabawa kawai, ɗan kasuwar da ya fara da tebur a Kantin Kwari yau yana da shaguna kuma ai Allah ya yi masa buɗi za ka ji ana cewa, in ka rubuta mutum mai nasara sai a ji ƙamshin turanci. Na lahira kuma dacewa ko babban rabo ne. Turo jimlar taka mu gani tukuna.