Wai wace ce ta fi kowa a cikin mawaƙa mata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗaliba ce a Zariya, musu ne ya kaure tsakanina da ƙawayena a ɗaki kan wace mawaƙiya mace ce ta fi kowa tun da aka fara waƙa. Ɗaya ta ce Whitney Houston, ɗaya ta ce Lata Mangeshkar ta Indiya, ni kuma na ce Barmani Choge sai suka sa min dariya wai kiɗan ƙwarya ne kawai. Daga baya wata ta nuno mana jerin wata mujallar Amurka da ta sa Aretha Franklin a ta ɗaya, ta ce magana ta ƙare. Don Allah wace ce ta fi, kuma da me ake aunawa?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Bari in ba ki amsar tun farko kafin in shiga dogon bayani, in aka ce dole in nuna mace ɗaya a duniya to Ummu Kulsum ta Masar zan nuna, in kuma a ƙasar Hausa ne to ina bayanki, Barmani ce, kuma dariyar da aka yi miki ba ta da tushe ko kaɗan.

Jerin da ƙawarki ta nuna na san shi, na mujallar Rolling Stone ne da suka fitar a farkon 2023, mawaƙa 200 maza da mata. Aretha ta ɗaya, Whitney ta biyu, Ummu Kulsum suka ajiye ta a ta 61, Lata kuma ta 84, Celine Dion ma ba su sa ta ba gaba ɗaya har masoyanta suka je ƙofar ofishinsu a New York suna zanga-zanga. To kin ga wannan jeri ne na mutanen da kunnensu ya tashi da kiɗan Amurka da Ingila, abin da suka fi sani shi suka sa a sama, kuma ba laifi ba ne, amma ba hukuncin duniya ba ne. Aretha dai ta cancanci girmanta, ban rage mata komai ba. 'Yar fasto ce a Detroit, a cocin mahaifinta ta koyi waƙa, tana buga fiyano da kanta, ita ce mace ta farko da aka shigar zauren karrama mawaƙan rock a 1987, kuma a bikin Grammy na 1998 da Pavarotti, shahararren mawaƙin opera na Italiya, ya kasa fitowa saboda rashin lafiya ita aka kira cikin ɗan ƙanƙanin lokaci ta rera waƙar opera da shi zai rera, salon da ba nata ba, ta kuma fita kunya. Whitney kuwa in maganar tsabar murya ake yi, ƙarfi da tsafta da iya jan numfashi, da wuya ki samu wadda ta wuce ta a shekarun 1980 zuwa 1990.

Amma fa murya kyauta ce, kashi ɗaya ce cikin abin. Ni abin da nake aunawa da shi shi ne me mawaƙiya take yi da magana a gaban mutane masu rai, tana iya riƙe taro ba injin da zai gyara mata, kuma shekara nawa ta yi tana riƙewa, sannan bayan ta wuce shin mata sun ci gaba da waƙa yadda suke yi da, ko ta canza musu hanya. Da wannan awon ne Ummu Kulsum take min nisa.

'Yar ƙauye ce a yankin da kogin Nilu ke rarrabuwa kafin ya shiga teku, mahaifinta limami ne mai rera ƙasidu a wuraren mauludi da biki, shi ya koya mata, har yakan sa mata kayan maza don kar a ce 'yarsa mace tana waƙa a gaban jama'a. Karatun Alƙur'ani da ta yi tun tana ƙarama shi ya ba ta fitar da harafi, in tana waƙa ba kalmar da za ta ɓace miki ko da makaɗa ashirin ne a bayanta. Ta koma Alƙahira a farkon shekarun 1920, da aka buɗe gidan rediyon gwamnatin Masar a 1934 tana cikin waɗanda suka fara rerawa, daga nan aka shiga al'adar nan ta daren Alhamis ɗin farko na wata, za ta hau dandamali rediyo na watsawa kai tsaye, mutane daga Maroko har Iraƙi su bar abin da suke yi su kewaye rediyo, aka yi shekaru da dama a haka. A dare guda waƙa biyu ko uku kawai take yi, amma kowace ɗaya sai ta kai awa guda ko fiye, dalili kuwa shi ne baiti ɗaya za ta ɗauka ta rera, jama'a su yi ihu su ce a maimaita, ta maimaita amma ba yadda ta yi na farko ba, ta ja wannan gaɓa ta sassauta waccan ta sauya inda ta tsaya, ta sake ta sake, kowane zagaye da ɗanɗanonsa, ga hankici a hannunta tana murzawa. Larabawa suna kiran halin da masu sauraro ke shiga ɗarab. Wannan ba abin da za a haddace a gida ba ne, a take take karanta taron ta san me za ta ba su.

Sannan ga wani abu da ba a cika faɗa ba, ta ɗauki ƙasidun Larabci mai zurfi irin na Ahmad Shauƙi, har da na yabon Manzon Allah (SAW), ta sa manomi da direba da ba su yi makaranta ba suka haddace su. Bayan Masar ta sha kashi a yaƙinta da Isra'ila na 1967 ta zaga ƙasashe tana waƙa kuɗin na shiga baitulmalin ƙasarta, ta yi a Paris a wannan shekarar, ta je Khartoum a 1968. Da ta rasu a Fabrairun 1975 miliyoyin mutane ne suka fito jana'izarta a Alƙahira. Kusan shekara hamsin tana kan gaba, kuma har yau, shekaru da dama bayan rasuwarta, ana sa ta a shagunan shayi da motocin haya. Wannan haɗin na ƙwarewa da daɗewa da faɗin ƙasa ban ga wata mace da ta tara shi kamar ita ba.

Ƙawarki mai Lata ita ma tana da hujja, kuma hujjar ta fi kusa da mu fiye da yadda take zato. Lata ta fara aiki a 1942 tana yarinya bayan mahaifinta ya rasu, ta rera a harsuna fiye da 30, Indiya ta ba ta lambar girma mafi daraja a 2001, ta rasu a Fabrairun 2022. Aikinta na bayan fage ne, ita ke rerawa a situdiyo jaruma na motsa baki a fim, kuma tun da finafinan Indiya suka shigo silimun Kano da Kaduna da Jos iyayenmu suke jin muryarta ba su ma san sunanta ba, sunan jarumar suka sani. Siririyar muryar nan mai hawa sama da kike ji a waƙoƙin finafinan Hausa daga can ta samo asali, ita da ƙanwarta Asha Bhosle suka kafa wannan salon. Don haka in tasiri a kunnen Bahaushe ake magana Lata ta fi Aretha da Whitney nesa ba kusa ba. Inda na ɗan rage mata shi ne mafi yawan aikinta wani ya rubuta wani ya tsara kiɗa, minti biyar an gama, ta cika shi da kyau ba kuskure, amma ba irin gwajin da Ummu take shiga kowane wata ba ne.

Na yi mamaki da ba wadda ta ambaci Miriam Makeba a cikinku. Gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta soke mata fasfo a 1960 har ta kasa zuwa jana'izar mahaifiyarta, ta tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a 1963 ta faɗi abin da ake yi wa baƙar fata a ƙasarta, ta zauna a Gini shekaru, ta zo Legas bikin FESTAC a 1977, ba ta koma gida ba sai 1990. Akwai kuma Oumou Sangare ta Mali da ta fito tana 'yar shekara ashirin da ɗoriya tana waƙa kan auren dole da zaman kishi. Sai wata da ya kamata kowane Bahaushe ya sani, A'isha Falatiya ta Sudan, jinin mutanenmu ce da suka zauna a can kan hanyar Makka, mahaifinta malami ne kuma bai so ta yi waƙa ba, ita ce mace ta farko da ta rera a gidan rediyon Omdurman a farkon shekarun 1940, ta buɗe wa matan Sudan ƙofa, ta rasu a 1974.

Yanzu mu zo kan taki. Masu cewa kiɗan ƙwarya ne kawai ba su tsaya sun duba me ke faruwa a wajen ba. Hajiya Sa'adatu Barmani Choge ta Funtua, Allah ya jiƙanta, ta rasu a 2013, amada take yi, kiɗan mata ne na cikin gida na biki da suna, ƙore a kife wasu a kan ruwa ana bugawa, kuma kafin ita akwai manya irin su Uwaliya Mai Amada, ba ita ta ƙirƙiro ba. Abin da ta yi shi ne ta fito da shi daga tsakar gida ta kai shi rediyo da talabijin da kaset da manyan taruka har maza suka koma suna saurare. To ki lura da wannan, Ummu Kulsum tana da mawallafa irin su Ahmad Rami suna rubuta mata, tana da masu tsara mata kiɗa irin su Riyad Sunbaɗi, Lata ma haka, Whitney ma yawancin waƙoƙinta wasu suka rubuta. Barmani ita ce mai ƙirƙirar baitin ita ce mai rerawa ita ce mai jan 'yan amshi, kuma a tsaye take yi a wajen, ta hango wata hajiya ta shigo ta saka ta cikin waƙa da kirarinta da na mijinta ba tare da kiɗan ya karkace ba, ta jefa habaici inda ya dace mata su kwashe da guɗa. Muryarta ba siririya ba ce, mai kauri ce mai ɗan kaushi, domin an gina ta ne ta ratsa ƙarar ƙore da hayaniyar gidan biki, wanda ya auna ta da ma'aunin Whitney kamar ya auna hatsi ne da kwalbar man gyaɗa.

Sannan me take faɗa? Ta yi wa mata waƙa su tashi su kama sana'a kar su zauna jiran miji, ta yi kan kishiya, kan haihuwa da wahalarta, kan zaman aure yadda yake ba yadda ake faɗa a gaban baƙi ba, kuma ta faɗe su da bakin da matan karkara da na birni suka ji nasu ne. Na san ana sukarta da cewa wasu baitocinta sun yi tsiraici da yawa, kuma akwai gaskiya a ciki, ban musa ba, sai dai a tuna asalin wannan waƙa ta ɗakin mata ce inda ba namiji, kaset ne ya fito da ita kasuwa. Abin da ya sa ban ɗora ta sama da Ummu ba a duniya shi ne faɗin inda muryar ta kai da kuma zurfin horon, amma a fagen haɗa magana nan take ina sa ta sahu ɗaya da Shata, kuma ba na jin nauyin faɗin haka.

Akwai wani ciwo da wannan musu yake taɓa min kullum. In aka ce a lissafo manyan mawaƙan Hausa na da, nan da nan za a kawo Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata da Ɗan Maraya Jos, mata kuwa sai a ƙirga biyu ko uku a tsaya, ba don ba a yi su ba. Zabiyoyin fada nawa suka rayu suka mutu ba a ɗauki muryarsu ba, ga masu waƙar daka da niƙa da reno, ga zabiyar gaɗa a dandali wadda duk ƙauye ya san ba a kai ta, waɗannan mai na'urar ɗaukar magana bai shiga inda suke ba saboda kulle da kunya da ganin cewa waƙar mata ba abin adanawa ba ce. Don haka duk wanda ya ce miki wance ta fi kowa tun da aka fara waƙa, har da ni, cikin waɗanda aka ɗauka a faifai yake magana.

Na yanzu kuma irin su Fati Nijar da Maryam Fantimoti da Maryam A. Baba da Murja Baba sun riƙe waƙar fim shekaru, su ma kamar Lata ana jin muryarsu ana kallon fuskar wata, kuma ba a ba su girman da ya kamata ba. Ba zan yanke musu hukunci yanzu ba tunda aikin zamaninsu bai gama kwanciya ba, abin da zan ce kawai shi ne in za ki auna su ki nemi inda suka rera a gaban jama'a, domin kwamfutar situdiyo tana daidaita murya tana ƙara mata tsini har ki kasa bambance wance da wance.

In za ku sake zama ke da ƙawayenki kar ku saurari guntun minti ɗaya a waya, ku nemo cikakken wasan Ummu Kulsum na shekarun 1960 wanda ake jin ihun jama'a a ciki, ku zaɓi baiti ɗaya ku bi yadda take juya shi ko ba ku jin Larabci, bayan nan ku sa Barmani ta wajen biki ba ta situdiyo ba, ku kasa kunne ga yadda take miƙa wa 'yan amshi magana tana karɓa. Allah ya sa mu dace, ki gaishe min da su.