Ga ƙanena mai son zuwa Jamus karatun batir

Ƙanena, saƙonka na uku ke nan a watan nan, duk a kan in nema maka gurbin karatun batir a Jamus. To, ji abin da nake yi tukuna, kafin ka sa Baba ya sayar da gona.

Shekara huɗu ke nan aikina ɗaya ne: cire farar wuta daga garin kabon. Gari ne baƙi ƙirin kamar na gindin tukunya, daga ragowar ɗanyen mai ake yin sa, shi ya sa farar wutar take biyo shi. A kansa ake shimfiɗa ƙwayoyin filatinam a na'urar da ke samar da lantarki daga iskar haidurojin. Farar wuta 'yar kaɗan ta isa ta manne wa filatinam ɗin ta hana shi aiki, ƙarfe mai tsadar gaske ya tashi a banza. A ɓangaren girafait kuwa, wato nau'in kabon da ake sawa a cikin batir, gawayin mai ake gasawa har kusan digiri 3000 kafin a same shi. In farar wutar ta yi yawa, tana fita tun kafin a kai 1800, sai ya kumbura ya tsattsage.

Kullum ina gaban tanderu da giram biyu na gari, ina tura masa iskar haidurojin, ina jira awa takwas. Iskar da ke fitowa warin ruɓaɓɓen ƙwai take yi, kuma guba ce. In ta yi yawa hanci ma daina jin ta yake yi, a nan take kisa. Ruwan alwalata baƙi yake sauka.

Abin da ya fi yi min ciwo, wata shida aka hana ni taɓa tanderun nan. Wani ma'aikaci ya tambaye ni a gaban mutane ko na taɓa ɗaura kan tukunyar gas da hannuna. Da digirina mai daraja ta ɗaya, ban taɓa ba, a allo muka koya. Ranar ban iya cin abinci ba. Yau, alhamdulillahi, duk sabon ɗalibi a hannuna yake koyo.

Sai kuɗi. In ba ka da tallafi irin na DAAD, hukumar Jamus mai ba ɗalibai tallafin karatu, sai ka ajiye Yuro 11,904 a rufaffen asusu kafin a ba ka biza. Lissafa shi da naira ka gani.

Kada a taɓa gonar nan. Turo min aikinka na kammala digiri, ka rubuto min na'urorin da ka taɓa sarrafawa da kanka. Sai na gani zan yi wa malamina maganarka.