Ƙullin da ke kwancewa bayan wanki biyu

Tambayarka ita ce: "Maigida, na yi wa riga kalmasa da hannu, wanki biyu kawai ɗinkin ya fara warwarewa daga inda na fara. Ko ƙullina ne bai yi girma ba?"

A'a, ɗana, girma ba shi ne maganin ba. Ƙaton ƙulli yana yin tudu a ƙarƙashin yadi, dutsen guga ya bi ta kansa ya bar tabo mai sheƙi, musamman a shadda, kuma duk da haka ya kwance. Aikin ƙulli kawai ya tsayar da zare kafin ka yi masa madogara. Abin da ke riƙe ɗinki shi ne ƙananan sukan da kake maimaitawa a wuri ɗaya, da jelar zaren da ka ɓoye a cikin yadi.

Fara da tsawon zare. Kamu ɗaya ya isa, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsu, wajen santimita 45. In ya fi haka, yawan wucewa ta cikin yadi yana cinye shi, ya yi gashi, ya riƙa harɗewa. Yanke shi da almakashi a karkace don ya shiga kafar allura da sauƙi. Kada ka gatsa da haƙori, bakin yana tarwatsewa, yawu kuma yana ɓata farin yadi.

Ƙullin da kake yi na naɗe zare a yatsa ka murza, shi ne ke ba ka ƙulli yau ƙato gobe ƙarami. Ga wanda ba ya canzawa. Riƙe allura da hannun dama, ka ɗora bakin jelar zaren a jikinta yana kallon kafar. Danne shi da babban yatsa, ka naɗa zaren sau uku a jikin allurar wajen tsinin. Matse naɗin tsakanin yatsu biyu, ka ja allurar ta wuce, kana riƙe da naɗin har ya zame zuwa ƙarshen zare. Ka bar jela kamar rabin santimita a bayansa. Wanda ya yanke daf da ƙulli shi ya kwance shi da hannunsa, balle zaren roba mai santsi.

Yawan naɗin ya danganta da yadin. Shadda saƙarta a matse take, naɗi biyu ya wadatar. Saƙi kuwa ramukansa a buɗe suke, ƙulli kan zame ya fice ko da naɗi huɗu ne. A nan kada ka dogara da shi sam. Soka allura ka ɗauki zare biyu ko uku na yadin, ka maimaita sau uku a wuri ɗaya, sannan ka ci gaba. A kalmasa, sa ƙullin a cikin ninkin, inda ido da dutsen guga ba sa kai wa.

Wurin rufewa ne mafi yawan yara suke gaggawa. Kada ka bari zare ya ƙare maka. Tsaya tun da sauran tsawon yatsa biyu. Yi suka biyu a baya a kan sukan ƙarshe, a na uku kada ka ja duka, bar ɗan zobe. Zura allurar cikin zoben sau biyu, ka ɗora farce a gindin, ka ja a hankali har ƙullin ya kwanta a jikin yadi. Sai ka tura allurar cikin ninkin ta yi tafiyar santimita biyu, ka fito, ka ɗan ja, ka yanke. Jelar za ta koma ciki da kanta.

Ɗinki mai ciko, irin na bargo ko lifidin doki da ake cusa wa auduga, fuska biyu gare shi, babu bayan da za ka ɓoye komai. A nan cikin audugar ake binne ƙulli. Soka allura nesa da inda za ka fara da kamar santimita biyu, ta yadin sama kaɗai, ta bi cikin cikon ta fito a wurin farawa. Ja zaren har ƙullin ya zo bakin rami, sai ka fizga kaɗan. Za ka ji ɗan ƙas, ya shige. In ya ƙi, ƙullin ya yi girma, kada ka matsa, zai yaga zaren yadin. Sake shi da naɗi biyu. Ka shafa ramin da farce ya rufe.

A aikin hula da wuyan babbar riga kuwa, da zaren siliki ko na tsamiya, wato silikin gargajiya, masu hannu ba sa yin ƙulli. Kwantar da jelar a baya, sukan farko biyar ko shida su hau kanta, a ƙarshe ka zura ta ƙarƙashin waɗanda ka riga ka yi.

In zare ya fara murɗewa kana cikin aiki, saki allurar ta yi lilo har ya warware. In ya riga ya yi zarge, kada ka ja. Sa tsinin allura cikin zoben ka ɗaga a hankali, yawanci sai ya buɗe. Zaren auduga mai yawan yin haka, goga shi sau biyu a jikin kakin zuma kafin ka fara.