Hukuncin shanun da suka ci gona da maƙwabcin da ya ture iyaka

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗan kasuwa ne a Aboabo, nan Kumasi, ina da gona eka 12 a wani ƙauye a yankin Ejura, wadda na karɓa a hannun sarkin ƙauyen da takarda. Ina noma masara, na kewaye ta da waya mai ƙaya. Bana shanu sun shiga mini sau biyu, ɗaya da dare, ɗaya da rana. Matan ƙauyen sun buɗe wayar suna ratsawa zuwa rafi, yara kuma suna karyar masara. Maƙwabcina na gabas ya tuge itatuwan ntome da aka dasa a kan iyaka, ya matso da su cikin nawa kamar kunya 6, ya shuka rogo. Shekara 4 ke nan ina kallo ban tanka ba, don shi ɗan ƙasa ne, ni baƙo. Abokai sun ce in jona wa wayar lantarki, ko in zuba guba a kududdufin da shanun ke sha, ko in ɗauki samari masu tsaron fili. Me shari'a ta ce? Kuma gyaran shingen da ke tsakanina da maƙwabcin, a kan wa yake?

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Alhaji, na lura shanun ne suka fi ƙona maka rai. Ni kuwa abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne maƙwabcin nan da ka zuba wa ido shekara 4. Shanu amfanin damina ɗaya suka ci, shi kuwa ƙasar ce yake ci. Da shi zan fara.

Ture alamar iyaka yana cikin manyan zunubai. Muslim ya ruwaito daga Sayyidina Aliyu (RA) cewa Annabi (SAW) ya la'anci wanda ya canza alamar iyakar ƙasa, ya kuma jera shi tare da mai yanka don wanin Allah da mai la'antar iyayensa. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha (RA) cewa wanda ya ci ɗani guda na ƙasa da zalunci, za a rataya masa shi a wuya har ƙasa bakwai. Hukuncin bai ware ɗan ƙasa da baƙo ba, bai kuma ce sai in Musulmi aka cuta ba. Saboda haka yana kanka kai ma: ranar da aka zo mayar da iyaka, kada ka ƙara ko kunya ɗaya da sunan huce haushi.

Sai dai bakinka kaɗai na ji, kuma shari'a ta ɗora kawo shaida a kan mai da'awa. Takardar sarki tana cewa an ba ka fili, amma sau da yawa ba ta nuna daidai inda ya tsaya. Shi kuma ntome, ko da yake da shi manoman Asante suka saba raba gonaki, icce ne da ake tugewa a dasa gaba ya kama. Ka koma wurin sarkin ƙauyen tare da dattawan da suka taka iyakar ranar da aka ba ka, a kira maƙwabcin, a sake takawa a gabansa. In an daidaita, ka kawo safiyo mai lasisi ya auna, a kafa ginshiƙan siminti, ka kai takardun Hukumar Filaye a yi rajista. Kuɗin da za ka kashe nan bai kai na shari'ar shekara ɗaya a kotu ba.

Kuma kada ka ƙara jinkiri. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wanda wani ya riƙe masa gida shekara 10 ana jingina gidan ga mai riƙon, alhali mai shi yana nan, ya sani, bai ce komai ba, to ba a ƙara sauraron ƙararsa. Dokar Ghana ta 1972 ma ta yanke shekara 12 ga mai neman a mayar masa da ƙasarsa. Wannan ba ya halatta wa azzalumi abin da ya ci a wurin Allah, amma yana rufe maka ƙofar alƙali. Shirun da kake yi don zaman lafiya, shi ne zai zama hujjarsa gobe, ko hujjar 'ya'yansa a kan naka.

Rogon da ya shuka kuwa, kada ka sa yara su tuge. Gaskiya ne hadisi ya zo a Muwaɗɗa cewa shukar azzalumi ba ta da haƙƙi. Amma Malikawa sun yi bayani: in lokacin shukar da kake nufin yi a wurin bai wuce ba, ana umartarsa ya cire nasa, in ya wuce, a bar masa amfaninsa, ya biya ka kuɗin hayar wurin na shekarar. Kuma mai hukunci ne ke zartar da wannan, ba kai da adda ba.

Mu zo ga shanu. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa taguwar Bara'u ɗan Azib (RA) ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, sai Annabi (SAW) ya hukunta cewa tsaron gonaki da rana yana kan masu su, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuma yana kan masu dabbobin. Malaman tafsiri sun ce tumakin da Annabi Dawuda da Annabi Sulaimana suka yi hukunci a kansu, a Suratul Anbiya aya ta 78, da dare suka shiga gonar. A kan wannan Malik da Shafi'i da Ahmad suka tafi. Hanafiyya sun saɓa, suna kafa hujja da hadisin da ya ce ɓarnar dabba ba ta da ramuwa, suka ce ba a biya sai in mai ita yana tare da ita. Maganar jamhuru, wato mafi yawan malamai, ta fi ƙarfi, domin hadisin Bara'u ya keɓance wancan.

To ɓarnar dare dai ba gardama, biyanta yana kan mai shanun, ko da ta fi kuɗin shanun da suka yi ta. Ta rana ce mutane suke yi wa gurguwar fahimta, har ka ji makiyayi na cewa ai da rana ne, ba ruwansa. Ba haka Shaihu Khalil ya faɗa a Mukhtasar ba. Ya ɗauke ramuwar rana ne da sharaɗi biyu: dabbobin ba su da makiyayi tare da su, kuma an sake su nesa da gonaki. In akwai makiyayi, ya yi sakaci alhali yana iya korarsu, ramuwa tana kansa. In an sake su a bakin gonaki, tana kan wanda ya sake su. Garken shanu a dajin Ejura ba ya yawo shi kaɗai, akwai mai sanda a bayansa. In kuma har datse waya aka yi aka shigar da su, maganar dare da rana ta faɗi gaba ɗaya, wannan ta'addancin mutum ne da gangan, zai biya masara ya biya waya. Abin da nake so masu karatu su ji: da yawa daga shanun nan ba na mai sandan ba ne. Masu su suna zaune a gari, wasu sahu ɗaya muke da su a masallaci. Wanda ya tara garke ya ƙi gina masa shingen kwana, ya sani ɓarnar dare bashi ce a wuyansa.

Yadda ake ƙiyasta ɓarna shi ma shari'a ta faɗa. Masarar da ba ta nuna ba, ba a yi mata kuɗin buhunan da ka yi mafarkin girbewa, ba a kuma yi mata kuɗin ciyawa. Ana yi mata kuɗi ne tsakanin fata da fargaba, wato nawa mai saye zai biya a ranar, yana fatan ta kai, yana tsoron kada ta kai. Ka ɗauki hoto da wayarka tun sawun na ɗanye, ka kira shaidu, malamin gona na gwamnati ya zo ya auna, sannan ka kai magana gaban sarkin ƙauye da Sarkin Fulanin yankin. In an ƙi biya, sai 'yan sanda da kotu.

Shawarar abokanka kuwa, guba haramun ce, ba wani tawili. Saniya ba ta da laifi, kududdufin kuma ba shanu kaɗai ke sha ba. Yaro na iya ɗiba, mahauci na iya yanka wadda ta sha, naman ya iso kasuwa a nan Kumasi. Wutar da aka jawo daga turken lantarki aka jona wa waya ita ma haramun ce, don kisa take yi, kuma ba ta tantance ɓarawo da yarinyar da aka aika ɗiban ruwa. Kada a ruɗe ka da cewa ai cikin gonarka ne. Khalil ya ambaci wanda ya haƙa rami ko da a cikin gidansa, ko ya ajiye kare mai cizo, da nufin cutarwa: in wanda ya nufa ne ya halaka, ƙisasi, in wani ne, diyya. Haƙƙinka ya tsaya ne a kan hanawa da neman ramuwa. Akwai wata na'urar shingen dabbobi da ke ba da ɗan fizga kawai ba ta kisa. Wannan ban ga laifinta ba, in an sa alama an kuma sanar da mutanen ƙauye.

Mai gadi halal ne, kare ma halal ne, domin hadisin Abu Huraira (RA) a Bukhari da Muslim ya togace karen gona daga hani. Amma samarin nan masu tsaron fili da makami, ka nisance su. Dokar Filaye ta 2020, mai lamba 1036, ta sa ɗaurin shekara 5 zuwa 15 a kan wannan aiki, har da wanda ya ɗauke su. Wani zai ce ai wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa shahidi ne. Haka ne, amma wannan ɗan fashin da ya zo maka da makami ake nufi. Ko shi ɗin, a ruwayar Nasa'i, sai da Annabi (SAW) ya ce a tuna masa Allah, a nemi taimakon jama'a, a nemi taimakon hukuma, kafin a kai ga faɗa. Mun ga abin da ɗaukar fansa tsakanin manoma da makiyaya ya haifar a Agogo, nan yankin Asante: har Babbar Kotun Kumasi ta ba da umarni a 2012 a fitar da shanu daga ƙasar Agogo, amma rikicin bai mutu a ranar ba, an yi ta asarar rayuka ta kowane ɓangare.

Matan da ke ratsawa, ka fara bincike: hanyar ta riga wayarka ko wayarka ta riga ta? In tun kafin ka zo suke bi zuwa rafi, kai ne ka toshe, kuma wajibi ne ka buɗe, domin ba a cuta ba a cutarwa. In sabuwa ce, kana da ikon hanawa, amma ba na ba ka shawarar haka. Sayyidina Umar (RA) ya tilasta wa Muhammadu ɗan Maslama ya bar Dahhaku ɗan Khalifa ya ratsa da magudanar ruwa ta gonarsa tunda ba ta cutar da shi. Malik ya ruwaito wannan, ko da yake a mashhurin zancensa ba a tilasta wa mai ƙasa. Ka ware musu siririyar hanya ta gefe, ka sa ƙyaure. Kai kana Aboabo, su suna can. Matan da ka bar wa hanya su ne za su fara gaya maka garken wa ya shiga.

Yara kuma a ja musu kunne ta wurin iyayensu. Abbadu ɗan Shurahbil (RA) ya shiga wata gona a Madina a shekarar yunwa, ya murje zangarniya ya ci, ya ƙulle wata a mayafinsa, mai gonar ya buge shi ya ƙwace mayafin. Annabi (SAW) ya ce wa mai gonar bai koya masa ba da yake jahili, bai ciyar da shi ba da yake mayunwaci, ya sa aka mayar masa da mayafin. Abu Dawuda da Nasa'i sun ruwaito shi. Wanda ya zo da buhu yana loda wa babur dabam ne: ɓarawo ne, a kama shi a miƙa wa 'yan sanda, ba duka.

Gyaran shinge yana kan mai shi. In kai ka kafa wayar da kuɗinka, ba za a tilasta wa maƙwabci ya sa ko sidi ɗaya ba, sai in shi ya lalata ta, ko akwai yarjejeniya tsakaninku, ko al'adar ƙauyen ta raba gyaran. In tare kuka kafa, tare za ku gyara gwargwadon rabon kowa. Kuma tunda tsaron rana a kanka shari'a ta ɗora shi, ka sa mai kula da gonar ya riƙa zaga wayar, musamman bayan gobarar dajin rani da ke cinye turaku. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: wayar da ta kwanta wata biyu ba a ɗaga ba za ta raunana maganarka ranar da aka zauna ƙiyasin ɓarnar rana. Amma ta gefen gabas, kada ka kafa sabon turke ko ɗaya sai an gama taka iyaka a gaban shaidu.

Wallahu a'alam.