Madugun Makaɗa, Jarumi da Mai Dafa Dutse: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Na ji an kira Herbert von Karajan "mawaƙi" a rediyo. Daidai ne?

Amsa: Ba daidai ba ne, kuma irin wannan sakaci yana ci mini rai. Karajan ba waƙa yake yi ba. Tsayawa yake gaban makaɗa da mabusa da masu goge, wani lokaci kusan mutum ɗari, da siririyar sanda a hannu, yana nuna musu inda za su shiga, inda za su sassauta, inda za su ɗauke. An haife shi a Salzburg ta ƙasar Austriya a 1908, ya gaji Bajamushe Wilhelm Furtwängler a jagorancin babbar ƙungiyar makaɗan Berlin a 1955, ya riƙe ta har 1989, shekarar mutuwarsa.

Wasu sun ce a kira shi "sarkin kiɗa". Ban yarda ba, domin wannan sarauta ce ta fada, mai ita kuma da hannunsa yake kiɗa. Ni "madugun makaɗa" na fi so. Madugu uban tafiya ne. A zamanin da fatake ke zuwa Gwanja sayen goro, ba shi ke ɗaukar kaya ba, yana da jagaba a gaba, amma shi ke cewa a yada zango, shi ke cewa a tashi, in ayari ya watse shi za a tuhuma. Abin takaici yau ba ka jin kalmar sai a "madugun 'yan adawa", kamar don siyasa kaɗai aka halicce ta.

Tambaya: Me ya sa ba ka cewa "jarumin fim"?

Amsa: Jarumi shi ne wanda bai gudu ba ranar artabu. Bruno Ganz, mutumin Zurich ta ƙasar Switzerland da ya mutu a 2019, ya fito a matsayin Hitler a fim ɗin 2004 kan kwanakin Hitler na ƙarshe, ya kuma gwanance. To jarumtar wa ake yabo a nan? Ɗan wasan kwaikwayo ne, gwani. Na san bakin 'yan Kannywood ya riga ya saba, amma marubuci ya kamata ya bambance.

Tambaya: Ina "Mai haƙuri yakan dafa dutse" ta dace?

Amsa: Ka cika ta tukuna: "har ya sha romonsa". Christoph Waltz na Vienna, haihuwar 1956, ya shafe kusan shekara 30 yana wasa a dandamali da talabijin cikin Jamusanci, duniya ba ta san shi ba. Ya haura 50 kafin ya karɓi kyautar Oscar a 2010, ya sake a 2013. Nan ta dace.

Tambaya: "Kiɗa" ne ko "kiɗi"?

Amsa: Duk biyun Hausa ne, bambancin karin harshe ne kawai.